Garin Gyaran Gira: Tarihin Dalma a Tandun Kwalli da Tukunyar Magani

Duk inda Bahaushe ya sauke kaya ya kafa zango, akwai mutum huɗu da ba a jimawa sai an gan su: mahauci, da wanzami, da ɗan koli, da mai magani. Haka abin yake a Salaga da Kumasi da Tamale, haka yake a Nima da Sabon Zango na birnin Akra, haka kuma a unguwannin Hausawa na Kamaru da Cadi da Sudan. Har gobe maƙwabtanmu da ba Hausawa ba suna ratso unguwanni su zo wurinmu neman sassaƙe da saiwa da garin magani, domin sun gaji yarda da maganin Hausa daga iyayensu. Wannan yarda dukiya ce da kakanninmu suka tara da ƙafafunsu a tsawon ɗaruruwan shekaru. Ita ce kuma a yau take fuskantar barazana daga abin da ido ba ya gani, harshe ba ya ɗanɗanawa, wato ƙarafa masu guba: dalma, da zaiba, da asanik, da kadmiyam.

Waɗannan ƙarafa ba ta ƙofa ɗaya suka shigo mana ba. Wani mu muka ɗauko shi da hannunmu tun zamanin fatauci, muna ganin alheri ne. Wani ƙasa da hanya da tukunya ne suka zuba mana shi bayan zamani ya sauya. Wani kuwa algus ne na masu neman riba. Mafi tsufa a cikinsu shi ne wanda ke cikin ɗan tandun da ke ɗakin kowace uwa.

Dutsen da ya biyo ayari

Hanyar Gwanja tsohuwar hanya ce. Tarihin Kano ya ambaci buɗe ta tun zamanin Sarki Abdullahi Burja a ƙarni na 15, amma a ƙarni na 19 ne ta cika ta batse, lokacin da Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe cinikin goro. Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato a ƙarƙashin madugu, ya ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Jugu da Yandi, ya sauka Salaga bayan tafiyar watanni. A bayan jakuna akwai kanwa, da tufafin rini, da jemammun fatu, da gabu. A cikin ƙananan kayan koli kuwa, tare da allura da duwatsun wuya da turare, akwai wani dutse mai nauyi, mai ƙyalli kamar azurfa, wanda idan aka fasa shi yakan tsage gida-gida mai kusurwa huɗu. Shi ne tozali.

Da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874, sannan yaƙin basasar Salaga ya biyo baya a 1892, fatake suka watsu zuwa Kintampo da Atebubu da Kete-Krachi, daga baya kuma suka cika Kumasi da biranen bakin teku. Duk inda suka je, ɗan koli ya shimfiɗa tabarmarsa, tozali na cikin abin da ya baza.

Sunayen wannan dutse kansu suna ba da labarin doguwar tafiyarsa. Kalmar kwalli daga Larabci ta zo mana, tozali kuwa daga harshen Buzaye. Yarabawa suna kiran sa tiro, a arewacin Gana kuma ana ce masa cilo. Tun kafin mu, Misirawan zamanin Fir'auna suna niƙa irin wannan dutse su zizara a ido, an kuma tarar da ragowarsa a cikin ƙananan tukwanen da aka binne su da su. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya shiga kasuwar Kano a 1824, ya lissafa shi a cikin kayan da ƙasar ke samarwa, sai dai ya kira shi da sunan wani ƙarfe daban, antimoni. Turawa sun daɗe suna maimaita wannan suna, har sai da masana duwatsu suka auna suka tarar cewa mafi yawan tozalin kasuwanninmu dutsen galina ne, wato haɗin dalma da farar wuta. A cikin tatacciyar galina, kashi 86 cikin 100 na nauyinta dalma ce zalla. Ana kuma samun ta a kwarin Binuwai, daga Zurak ta ƙasar Wase, zuwa Arufu, har can Abakaliki.

A wurin iyayenmu tozali ya wuce ado. Magani ne na ƙaiƙayin ido da kwantsa, kariya ce daga ƙura da ƙyallin rana, a wasu gidajen ma tsari ne daga kambun baka. Shi ya sa ake rambaɗa wa jariri tun yana ɗan kwanaki, wasu ungozomomi har a cibiya suke barbaɗawa domin ta yi saurin bushewa.

Dalilin da ya sa ba a gane ba

Kakanninmu masana guba ne. Sun san kwankwani da ake shafa wa kibiya, sun san ruwan tinya yana makantarwa, sun san zaƙami yana gusar da hankali, sun san abin da gwaska ke yi wa wanda aka shayar. Wannan ilmi da lura aka tara shi: a sha abu, a ga abin da ya biyo baya a yau ko gobe ko jibi, a faɗa wa na baya. Duk gubar da ke nuna kanta cikin kwanaki, wannan ma'auni yana kama ta.

Dalma ba ta bin wannan hanya. Jiki yana ɗaukar ta kamar sinadarin da ke gina ƙashi, sai ya ajiye ta a ƙasusuwa da haƙora, inda takan zauna shekaru masu yawa. Ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotsa daga dalmar da ta shiga cikinsa, kuma idan yana fama da ƙarancin jini ko rashin abinci mai gina jiki, abin ya fi haka. Mace kuwa idan ta sami juna biyu, dalmar da ta taru a ƙashinta tun tana yarinya takan sauko cikin jini ta isa ga ɗan da ke ciki. Mafi yawan yaran da ta taɓa ba sa nuna wata alama. Sai dai a ga yaro ya yi nawar magana, ko ya kasa riƙe karatun allo, ko ya cika fushi da rashin natsuwa, a ce halinsa ne, ko a ce iska ce. Babu uwar da za ta danganta daƙiƙancin ɗan shekara bakwai da kwallin da ta sa masa yana cikin zanin goyo.

Tozali ba ta fatar ido yake yin ɓarnarsa ba. Hawaye ne ke wanke garin ya bi ta 'yar kafar da ta haɗa ido da hanci ya gangara maƙogwaro, ko yaro ya murza ido ya kai hannu baki. Galina ba ta saurin narkewa a ciki, shi ya sa ba ta kisa nan take. Amma idan an niƙa ta lilis, ana kuma maimaitawa kullum, abin da ke narkewa ya isa.

Su ma likitocin zamani sun daɗe kafin su fahimci wannan. Tun zamanin Girkawa da Rumawa an san dalma mai yawa tana kawo murɗar ciki da shanyewar gaɓoɓi, Ibn Sina ma ya lissafa ta a cikin gubobin ma'adinai. Amma illar 'yar kaɗan ga ƙwaƙwalwar yaro, sai a 1979 wani likitan Amurka, Herbert Needleman, ya fito da ita fili, bayan ya tara haƙoran da yaran makaranta suka famfare ya auna dalmar da ke ciki, ya tarar masu dalma da yawa sun fi rauni a gwajin basira. Ana auna dalmar jini da maikirogiram a kowace desilita. A shekarun 1960 likitocin Amurka ba sa damuwa sai ta kai 60. Suka sauko zuwa 30 a 1975, zuwa 25 a 1985, zuwa 10 a 1991, zuwa 5 a 2012, zuwa 3.5 a 2021. Matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya a yau shi ne babu wani adadi na dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Idan masu ɗakunan gwaji sun ɗauki tsawon wannan lokaci, babu abin zargi a kan kakar da ba ta da abin awo sai idonta.

Boston da Zamfara

Abubuwa biyu da suka faru kusan lokaci guda sun ɗaga labulen da ya rufe wannan dutse. A 2011, a wani asibitin yara na birnin Boston a Amurka, an auna jinin wani jariri ɗan wata shida wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, aka sami dalma 13. Aka bincika gidan, ba a sami tsohon fenti ko wata kafa ba, sai kwallin da aka sayo a Ilori ana sa masa tun yana ɗan mako biyu. Da aka auna garin, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa rahoton a 2012, ta kuma ambaci sunayen abin har da namu na Hausa, tozali da kwalli.

Na biyun ya fi muni nesa ba kusa ba, kuma a tsakiyar ƙasar Hausa ya faru. Da farashin zinariya ya tashi, mutanen ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara suka koma haƙar dutse. Dutsen kuwa cike yake da dalma, irin wadda ruwa da iska suka riga suka sauya ta ta zama mai saurin narkewa a ciki. Ana kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura. Yara suna amai, suna jijjiga, suna mutuwa, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ba ya yi musu komai. A ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega, fiye da yara 400 suka rasu. Wani bincike a ƙauyuka biyu ya nuna kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu cikin shekara guda. Jinin yara da yawa ya wuce 65, iyakar abin da na'urar hannu ke iya karantawa. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, sannan aka fara ba yaran maganin da ke kamo dalma ya fitar da ita ta fitsari. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Zamfara ta nuna mana abin da dalma ke yi idan ta zo da yawa a lokaci guda. Jaririn Boston ya nuna yadda take shiga kaɗan-kaɗan ta hannun masu ƙauna. A nan Gana ma, binciken da hukumar lafiya ta ƙasa ta yi tare da UNICEF da ƙungiyar Pure Earth, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2023, ya auna yara sama da 3,000 a yankuna uku, ya tarar fiye da rabinsu sun kai 5 ko sun wuce, kuma cilo na cikin kafofin da aka nuna da yatsa.

Ƙasar da ta sauya

Ganye da saiwa ba su da laifin kansu, amma tsiro ɗan ƙasarsa ne, abin da ta sha shi yake sha. Mai maganin da ya saro sabara ko marke ko maɗaci a dajin zamanin fatake, daga ƙasar da ba ta san hayaƙin mota ba ya saro. Wanda ya gaje shi yana bin sunan itacen da siffarsa daidai yadda aka koya masa, amma dajin ba shi ne na da ba.

A shekarun 1920 aka fara zuba dalma a man fetur. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba su gama daina sayar da irin wannan mai ba sai farkon 2006, Aljeriya kuwa, wadda ita ce ta ƙarshe a duniya, sai 2021. Dalma ba ta ruɓewa, don haka abin da motoci suka fesa na tsawon shekaru yana nan kwance a ƙurar bakin manyan hanyoyi. A nan ne kuwa ake yawan tsinkar tafasa da rai-ɗore, a nan ake shanya sassaƙe a gefen kwalta. Ga masu fasa tsofaffin baturan mota suna narka dalmarsu a cikin unguwa. A Thiaroye, bayan garin Dakar, wannan sana'a ta kashe yara 18 tsakanin 2007 da 2008.

A kudancin Gana akwai ƙarin wata masifar. Masu haƙar zinariya ta galamse suna kama ta da zaiba, su ƙona, tururin ya tashi, ragowar ta bi ruwa zuwa kogunan Pra da Ofin da Ankobra da Birim. Zaiba ƙwaƙwalwa da ƙoda take ci, kamar yadda duniya ta gani a garin Minamata na Japan tun 1956. Dutsen zinariyar yankin Obuasi kuma yana tafe da asanik, mai jawo cutar fata da ciwon daji idan an daɗe ana sha. Kadmiyam, wanda ake samu a wasu takin zamani da sharar batura, ganye na zuƙar sa daga ƙasa cikin sauƙi, shi kuma ƙoda da ƙashi yake lalatawa. Farar ƙasar da masu ciki ke kwaɗayi, wadda ake kira ayilo ko shile a Gana, kalaba a Kamaru, hukumomin abinci na Ingila da Amurka sun yi gargaɗi a kanta saboda dalma da asanik da aka samu a ciki.

Sai kuma tukunya. Kakanninmu a tukunyar yumɓu suke dafa tsimi da dauri. Yau tukunyar da ta cika gidajenmu ita ce wadda maƙera ke zubawa daga tarkacen gorar ruwa, wadda a Gana ake ce wa dadesen. Tarkacen kan haɗa da sassan injin mota da tukunyar ruwanta da sauran abin da aka tsinto. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya nuna suna sakin dalma idan aka tafasa abu mai tsami a ciki. Magungunanmu da yawa da tsamiya ko lemun tsami ake haɗa su, a bar su a wuta sa'o'i, a kuma bar su su kwana a ciki. Tafasa tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta kashe ƙarfe. Iyaka ruwan ya ƙone, ƙarfen ya ƙara kauri a abin da ya rage.

Kayan waje da algus

A da, mai saye ya san mai magani, ya san ubansa, ya san dajin da yake shiga. Yau shagunanmu cike suke da kwalabe da ƙunshe-ƙunshe daga Indiya da Sin da ƙasashen Larabawa, da garin da aka niƙa a wani gari aka ƙulla a leda babu suna. Kyan kwali da rubutun Larabci a jikinsa ba shaida ba ne. A wani reshe na maganin gargajiyar Indiya da gangan ake haɗa ganye da tokar ƙarafa, bisa imanin cewa ƙonawa ta tsarkake su. A 2004 wani likita mai suna Robert Saper da abokan aikinsa suka sayi irin waɗannan magunguna guda 70 a shagunan yankin Boston, suka sami dalma ko zaiba ko asanik a cikin 14, wato ɗaya cikin kowane biyar.

Labarin kurkum a Bangaladash ya fi kusa da kicin ɗinmu. Tun shekarun 1980 wasu masu sarrafa shi suka riƙa shafa masa wani rawayan fenti mai dalma domin ya yi kyan gani a kasuwa. Masu bincike daga Jami'ar Stanford da wata cibiyar lafiya ta birnin Dhaka suka bi sawun dalmar da ke jinin mata masu ciki har suka isa ga wannan fenti, suka bayyana a 2019. Hukuma ta shiga kasuwanni da na'urar awo, aka yi shela, aka ci tarar masu laifi. Kurkum mai dalma a kasuwannin da aka auna ya sauko daga kashi 47 cikin 100 a 2019 zuwa babu ko ɗaya a 2021. Wannan ya nuna abin yana gyaruwa, kuma cikin ɗan lokaci, idan an auna an kuma faɗi gaskiya.

Batun sunna

Da yawa daga cikinmu za su ce sa kwalli sunna ce, kuma gaskiya ne. Abin da hadisai suka yaba shi ne ismid, wanda masu fassara da yawa suka ɗauka dutsen antimoni ne. Gwaje-gwajen da aka yi a kan kwallin kasuwannin ƙasashen Larabawa da Arewacin Afirka sun sha nuna cewa da yawa daga cikinsa galina ce, ko da wane suna aka rubuta a kwalbar, har da irin wanda alhazai ke kawowa tsaraba. Saboda haka ne Amurka ta hana shigar da shi ƙasarta. Malamanmu sun karantar da mu cewa kare rai da hankali da zuriya suna cikin manyan manufofin shari'a, dalma kuwa waɗannan ukun take taɓawa. Wanda ya nisanta ɗansa daga dutsen dalma bai bar sunna ba. Hausawa sun riga sun yi mana kashedi da wanda garin gyaran gira ya rasa ido, a nan kuwa abin da ake rasawa ya fi ido tsada.

Abin da gadon yake nema a wurinmu

Maganin gargajiya ba abin yarwa ba ne, hukumomin ƙasashen da muke zaune ma sun san haka. A Gana an kafa cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong ta Akuapem tun 1975 bisa ƙoƙarin Dakta Oku Ampofo, an yi dokar sana'ar maganin gargajiya a 2000, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi kuma ta fara koyar da karatun digiri a fannin a 2001. Hukumar abinci da magunguna tana yi wa haɗe-haɗen ganye rajista bayan gwaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da iyaka ga busasshen ganyen magani: kada dalma ta wuce miligiram 10 a kilo guda, kadmiyam kuma miligiram 0.3. Ƙofofin nan a buɗe suke, amma masu maganinmu na zango kaɗan ne ke shiga, wasu don tsoron a sace musu sirri, wasu don kuɗin gwaji, wasu don takardun duk da Turanci suke. Wannan aiki ne da sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin masu magani za su iya ɗauka: a haɗa kuɗi, a kai samfur a auna, a sami matasanmu masu karatu su tsaya a tsakani. Gwajin ƙarfe ba ya tambayar sunan itacen da aka haɗa, don haka sirrin kowa yana nan a hannunsa.

A cikin gida kuwa, abin da ke hannunmu ba shi da wuya. Kada a sa wa jariri ko ƙaramin yaro kwallin dutse, a ido ko a cibiya. Mai ciki da mai shayarwa su haƙura da shi, su haƙura da farar ƙasa da duk garin da ba a san asalinsa ba. Mai ɗibar ganye ya nisanci bakin kwalta da juji da wurin haƙar zinariya da wurin fasa batura, ya wanke abin da ya ɗebo kafin ya shanya, ya shanya a kan tabarma sama da ƙasa. Abu mai tsami kada a dafa shi ko a kwanar da shi a tukunyar tarkace. Gidan da aka daɗe ana sa wa yara tozali, a nemi asibiti a auna jininsu, a kuma ƙarfafa su da abinci mai ƙara jini da gina ƙashi, kamar zogale da wake da kifi da nono, domin cikin da ya ƙoshi da waɗannan ba ya tsotsar dalma kamar wanda ya rasa su.

Fataken da suka kafa mana waɗannan zangogi ba sa ɗaure huhun goro a Salaga su ƙi duba shi sai Kano. A kan hanya sukan sauke, su kwance ganyen fita, su bi goron ɗaya bayan ɗaya, su fitar da mai sankara, su yayyafa ruwa, su sake ɗaurewa. Sun san ƙwaya ɗaya tana ɓata huhu, huhu ɗaya kuma yana ɓata sunan madugu. Da wannan bincike suka sayi amanar da muke ci har yau. Abin da ya sauya kawai shi ne sankarar zamaninmu ba a ganin ta da ido, sai da na'ura. Maƙwabcin da ke zuwa neman maganin Hausa, da jaririn da ba ya iya cewa a'a, duk amana ce a wuyanmu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya mana zuriya cikin lafiya da basira.